Wata bakwai ina bin tikiti guda don a mayar da Ƙ da Ɗ gurbinsu

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan cikin Kano, kuma tun ranar da aka gano hannuna na iya taɓa na'ura, rajistar ɗalibai ta faɗo wuyana. Shekara uku ke nan muna aiki da wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato irin wadda rubutun cikinta a fili yake, kowa na iya saukewa ya girka, har ya gyara, ba tare da ya biya ko sisi ba. Masu sa kai ne ke gina ta, suna warwatse a ƙasashe daban-daban. Ba zan kama sunanta ba, domin mutanen alheri suka yi mana, kuma rabin wahalar da na sha rashin sanina ne ya jawo ta. Na zauna rubuta wannan ne saboda malamai biyu daga wasu makarantu sun tambaye ni yadda na yi aka gyara mana matsalar haruffa masu ƙugiya a cikinta, na ga gara in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Abin ya fito fili ne a ƙarshen zangon farko, cikin hunturu, muna haɗa sakamakon jarrabawa. Ka san mu Kanawa da yawa sunan unguwa ko gari muke sa wa a ƙarshen suna. To duk ɗalibin da sunansa ya fara da harafi mai ƙugiya, irin su Ɗanbatta, Ƙaraye, Ƙiru, Ɗorayi, sai manhajar ta jefa shi can ƙasan jerin, bayan masu Z. Masu 'Yankaba kuma su haye sama su zauna kafin masu A. Da a nan ya tsaya da mun haƙura. Amma sakatariyarmu ta nemi wani yaro, ta rubuta sunan da D marar ƙugiya kamar yadda kowa ke yi a waya, manhaja ta ce babu shi, ita kuwa ta sake yi masa rajista. Yaro ɗaya ya zama biyu, ɗaya ya biya kuɗin makaranta, ɗaya ana binsa bashi, aka aika wa mahaifinsa takarda. Mutumin ya zo da rasit a hannu, ransa a ɓace. Bayan ya tafi Hajiya shugabar makaranta ta kira ni ofis. "Malam, ka kira kamfanin mana su gyara." Na ce, "Hajiya, ai babu kamfani." Ta ce, "To wa muke biya?" Na ce ba ma biyan kowa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Shi ya sa."

Kuskurena na farko shi ne na nemo adireshin imel na mutumin da ya kafa manhajar na rubuta masa doguwar wasiƙa, da gaisuwa da komai, kamar mai kai kuka wurin hakimi. Na ɗauka zuwa wurin babba ya fi sauri. Mako biyu shiru. Da amsa ta zo, layi uku ce: ya gode, amma ba a karɓar rahoton matsala ta wasiƙa, in je rajistar matsaloli in buɗe tikiti, wato rubutaccen rahoton matsala a shafinsu na intanet. Na ji haushi a lokacin. Daga baya na gane dalili. Abin da aka faɗa wa mutum ɗaya a ɓoye yana mutuwa a akwatinsa, abin da aka sa a rajista kuwa yana samun lamba, kowa na ganinsa, kuma ko wanda ya fara aikin ya gaji ya tafi, wani zai tarar da tarihin ya ɗora. Tsohon tsari ne a wannan duniyar. Bugzilla, ɗaya daga cikin sanannun rajistocin, tun 1998 ƙungiyar Mozilla ta sake ta ga jama'a, yau kuma yawanci a shafukan ajiye manhaja irin su GitHub ko GitLab ake yi. Su Turawa kwaro suke kiran irin wannan matsalar, har akwai wani ɗan kwaro na gaske da aka ciro daga na'urar Mark II a Harvard a 1947 aka liƙa shi a littafin aiki.

Na buɗe asusu kyauta, na rubuta tikiti. Taken da na sa, in aka mayar da shi Hausa, bai wuce "Hausa ba ta aiki" ba. Ina jin kunyarsa har yanzu. Kwana huɗu sai wata baiwar Allah daga cikin masu tantance tikiti ta liƙa masa alamar neman ƙarin bayani, ta jero tambayoyi: wane zubi na manhajar nake da shi, wato fitowa ta nawa, a kan wace na'ura, me na danna daki-daki, me na sa ran gani, me na gani. Ashe akwai fom da ya ƙunshi duk waɗannan, ni na goge shi na rubuta nawa. A nan ne na kusa tafka ɓarnar da ta fi ta farko. Na ɗauki hoton allo na jerin ɗaliban aji guda, da sunayensu da lambobin iyayensu, har na ɗora yatsa zan tura, sai na tuna tikitin a bainar jama'a yake, duk duniya na iya buɗewa, kuma abin da ya hau ba lallai ya sauka ba. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023, ga amanar iyaye. Na fasa. Na ƙirƙiri fayil na sunayen bogi guda 20, na zuba a sabuwar rajista marar kowa, na nuna matsalar a kai, shi na tura. Dare biyu wannan ya ci mini, ɗaya ma a kan janareta, domin an ɗauke wuta.

Sai ga abin da ya fi ƙona mini rai a duk tafiyar. Bayan mako guda wani ya rufe tikitin, ya ce maimaici ne na wani tsohon tikiti da masu Faransanci suka taɓa buɗewa kan haruffansu masu ɗigo da lanƙwasa a ka, kuma an riga an gyara. Na sake gwadawa, matsala na nan daram. Na rubuta amsa mai zafi, na karanta, na goge, na je na yi sallar isha'i. Washegari na tafi wurin ƙanen matata, wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero kuma yake da ɗan shago a wajen Farm Centre. Ya duba na mintuna ya ce, "Yaya, mutumin nan bai yi ƙarya ba, bai san harafinku ba ne kawai." Ya nuna mini cewa a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, harafin Faransanci kamar é ana iya kwance shi gida biyu, e daban, alamar kansa daban, don haka gyaran da aka yi musu shi ne a cire alamar a bar e. Ƙ tamu kuwa ba ta kwantuwa. Ƙugiyarta jikinta ce, harafi ne guda mai lambarsa. Haka Ɗ da Ɓ. Kuma lambar ce ke jefa su ƙasa: A tana kan 65, Z kan 90, Ɓ kan 385, Ɗ kan 394, Ƙ kan 408, ita kuma alamar da ke gaban 'y a madannai na yau da kullum tana kan 39, shi ya sa take riga A. Manhajar ba haruffa take jerawa ba, lambobi take ƙirgawa.

Wannan bayanin na kwashe na sa a tikitin, cikin ladabi, da misalai uku. Kafin awa 24 mutumin ya buɗe shi da kansa, ya ba da haƙuri, ya liƙa alamar an tabbatar. Sannan ya ce in raba shi biyu, domin jeri daban nema daban, kuma wanda zai gyara ɗaya ba lallai shi zai gyara ɗayan ba. Na raba. Aka sa wa dukansu matsayin marasa gaggawa. Nan ma na so in yi magana, amma da na leƙa waɗanda aka sa wa gaggawa, na ga ana batun bayanan da ke ɓacewa gaba ɗaya da ƙofar da ɓarawo zai iya shiga, sai na kama bakina.

Daga nan aka shiga jira. Ina leƙawa safe da yamma kamar mai jiran sakamakon JAMB, babu motsi. Sau biyu na rubuta ina tambayar ko akwai labari, babu wanda ya tanka, kuma yanzu na san irin wannan tambayar ba ta ƙara komai sai hayaniya a wayar mutum goma. Ana haka aka ƙara kuɗin data, bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, na rage leƙen dole. Kwana 60 cif sai ga saƙo daga wani bot, wato manhaja mai aika saƙo da kanta, yana cewa tikitin ya kwanta, in ba a taɓa shi ba cikin mako biyu za a rufe. Da ban buɗe imel a makon ba, da aikin wata uku ya bi ruwa. Na sauke sabon zubi, na sake gwaji, na rubuta cewa matsalar na nan a zubi kaza, alamar ta sauka.

Azumi ya kama, an ba mu hutu, sai na samu sukunin yin abin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko: na karanta takardar da ke bayyana yadda ake tafiyar da aikin. Tana nan a gaban rumbun manhajar, wato shafin da ake ajiye rubutun cikinta, kullum ina wuce ta. A ciki na ga mutumin da na rubuta wa wasiƙa ya daɗe da sauka daga jagoranci. Akwai masu tantancewa, waɗanda ke iya liƙa alama da rufe tikiti amma ba sa iya shigar da gyara. Akwai masu riƙe da makulli, kowa da sashensa, su ke karɓar gyara ko su ƙi. Sannan akwai majalisa ta mutum biyar da ake zaɓa, wadda ba ta shiga ƙananan abubuwa sai an sami saɓani ko za a jingina manhajar da wani sabon abu daga waje. Sai na ga kamar tsarinmu na mai unguwa da dagaci da hakimi, kowa da iyakar hurumin da ba ya tsallakewa. Ba su kaɗai ke haka ba. Python, harshen rubuta manhaja, ta yi shekaru ƙarƙashin mutum ɗaya, Guido van Rossum, har ya ajiye a Yulin 2018, aka koma majalisar mutum biyar daga 2019. Debian, manhajar sarrafa kwamfuta, na da kundin tsarin mulki tun 1998, tana zaɓen shugaba duk shekara, tana da kwamitin da ke raba gardamar fasaha. A ayyukan manhaja na gidauniyar Apache kuwa da +1 da 0 da -1 ake jefa ƙuri'a, kuma wanda ya jefa -1 a kan gyara sai ya kawo hujjar fasaha, ba don ransa bai so ba.

Karatun nan ya nuna mini inda tikitina ya maƙale. Gyaran jeri ba wuya gare shi ba, domin tuni akwai ƙa'idar jera haruffan Hausa a cikin CLDR, taskar bayanan harsuna ta Unicode, ƙarƙashin lambar harshenmu ta ha, kuma akwai ɗakin kayan aiki mai suna ICU da ke aiwatar da ita. Amma shigo da ICU ƙarin nauyi ne ga duk mai girka manhajar a duniya, wannan kuwa hurumin majalisa ne. Mai kula da sashen ba zai taɓa shi ba sai sun yarda, su kuma babu wanda ya kai musu. Kowa na jiran kowa. Takardar ta ce duk mai amfani da manhajar na iya sa batu a ajandar taron wata-wata, muddin ya sa kwana bakwai kafin ranar. Na sa.

Taron a rubuce ake yinsa, ba murya ba bidiyo, abin da ya yi mini daɗi saboda data da kuma Turancina da ya fi ƙarfi a hannu. An sa ƙarfe 7 na yamma agogon GMT, wato 8 agogon Najeriya da Nijar, daidai lokacin tarawihi. Na yi ta maza na roƙi a mayar da batuna ƙarshen ajanda, na faɗi dalili. Ba wanda ya yi musu. Na dawo daga masallaci na tarar saura batu ɗaya a zo kaina. Maganar jeri ta wuce cikin minti goma: aka yarda a shigo da ICU amma a matsayin zaɓi, wanda ba ya buƙata ba sai ya girka ba. Huɗu suka jefa +1, ɗaya bai halarta ba.

Maganar nema ce ta ja. Wani daga masu makulli, Bajamushe, ya kama ni da bakina. Ya ce ni na rubuta cewa k da ƙ haruffa ne mabambanta, to don me nake so nema ya haɗa su? Kuma gaskiya ya faɗa. Baki daban baƙi daban, kasa daban ƙasa daban, kafa daban ƙafa daban. Duk malamin Hausa zai tsaya a bayansa. Na ce masa a littafi haka ne, amma madannan kwamfutocin da ake sayarwa a Beirut Road babu Ƙ a jikinsu, takardun haihuwa da yawa babu ƙugiya a kansu, uba na iya rubuta sunan ɗansa iri biyu a fom guda, kuma sakatariya mai layin iyaye a gabanta ba za ta tsaya laluben harafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata 'yar Indiya ta ce su ma suna fama da makamancin haka a nasu rubutun. Aka tsaya a kan cewa jeri zai bambanta su, nema zai kawo duka biyun amma ya sa wanda ya yi daidai a sama. Sai shugaban taron ya yi tambayar da ban shirya mata ba: wa zai rubuta? Shiru. A lokacin ne na gane amincewar majalisa izini ce kawai, ba ta ɗora wa kowa aiki. Gayya ce, kuma mai gona ba ya zuwa gayya hannu rabbana. Na ce za mu kawo facin, wato rubutun gyaran, da kanmu.

Bayan ƙaramar Sallah muka zauna da ƙanen matata, dare huɗu a shagonsa saboda yana da sola. Shi ke rubutu, ni ke kawo misalai da shayi. Ya kwafi rumbun zuwa asusunsa, ya yi gyara a kwafin, ya tura buƙatar a haɗe gyaran da ainihin manhajar. Nan take injin da ke gwada kowane gyara ya yi ja, alamar bai wuce ba. Ba gyaran ne ya lalace ba, mun manta layin sa hannu ne, wanda mai kawo faci ke shaida cewa aikinsa ne kuma yana da ikon bayar da shi, al'adar da masu gina manhajar Linux suka fara a 2004. Muka sa. Sai bita ta farko: mu ƙara gwaje-gwajen da za su kama matsalar in ta dawo. Ta biyu: alamar 'y iri uku mutane ke bugawa, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya da wadda Unicode ta ware a matsayin harafi, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, duk sai an kula da su. Ban taɓa lura ba, ni da nake koyar da kwamfuta a Kano. Ta uku: mu gyara takardar bayani. Tsakanin kowace bita da ta gaba mako ɗaya ne zuwa biyu, domin mai bitar ma'aikaci ne a wani wuri, Asabar da Lahadi kawai yake da su. Yaron ya fara ƙosawa. "Yaya, mutanen nan wasa suke mana da hankali." Na nuna masa yadda suka yi wa facin ɗaya daga cikin 'yan majalisar bita sau biyar, ya yi dariya ya ci gaba.

Ranar da aka haɗe facin na je na gaya wa Hajiya an gama. Na yi gaggawa. Haɗewa daban, fitowa daban. Suna da lokacin da suke rufe ƙofar sababbin abubuwa kafin kowane zubi, mu kuwa mun makara da kwana tara, sai zubi na gaba. Da na duba jadawalin fitarwa tun farko, da mun matsa ƙaimi a makon Sallah. Muka ƙara jiran wata biyu. Da ya fito ban girka kai tsaye ba, na kwafi rajistar ɗalibai gaba ɗaya a filashi biyu, na gwada a tsohuwar kwamfuta, sannan na taɓa ta ofis. Na koma tikitin na rubuta cewa na gwada ya yi, na gode wa kowa, aka rufe shi. Wannan matakin mutane da yawa ba sa yi, alhali shi ne kaɗai ladan da masu aikin ke gani.

In aka tambaye ni kuɗi, babu wanda ya karɓi kobo a hannuna. Abin da ya tafi a data da man janareta da kuɗin adaidaita sahu zuwa Farm Centre da shayi bai kai N20,000 ba. Lokaci ne ya tafi, kuma da zan sake, wata uku zan rage a ciki: in fara da karanta takardar shugabanci da jadawalin fitarwa, in bincika tsofaffin tikiti kafin in buɗe nawa in kuma faɗi yadda nawa ya bambanta da su, in cika fom yadda yake, matsala ɗaya tikiti ɗaya, da sunayen bogi, in kuma nemi mai rubuta faci tun kafin in je gaban majalisa.

Ranar da muka buga jerin farko da sabon zubi, Ɗanbatta ya zauna bayan masu D, Ƙaraye bayan masu K, 'Yankaba bayan masu Y. Na kai wa Hajiya ina murmushi. Ta bi da yatsa har ta iso S, ta tsaya. "Malam, me ya kawo masu Shehu da Shamsiyya bayan Sulaiman da Surajo?" Na duba, haka ne. Ƙa'idar CLDR ta ɗauki sh harafi ne mai zaman kansa da ke bin bayan s, haka ts bayan t, kamar yadda ake koya wa yara a baƙaƙen Hausa. Malamin Hausarmu ya ce daidai ke nan, haka ya kamata tun asali. Malamin da ke haɗa sunayen masu WAEC ya ce shi jerin da zai yi daidai da na hukumar yake so. Sun kwashe hutun tara guda suna yi a ɗakin malamai. Ni dai na buɗe sabon tikiti ina neman a sa maɓallin zaɓar irin jerin a lokacin bugawa, na cika fom, na haɗa sunayen bogi 12. An tabbatar da shi a kwana na uku, kuma an sa masa marar gaggawa.